Hutun da Auta Ta Dawo da Kujera Biyu

A firamaren da yarana suka yi a Sabon Tasha, a Kaduna, gwamnati ta ba da gini da allo da malamai, abin zama kuwa kowa ya ji da kansa. Kowane yaro da 'yar kujerarsa ta katako da ubansa ya sa kafinta ya buga masa, an rubuta sunansa da fenti a ƙarƙashi. A aji take kwana duk tsawon zango. Amma ranar da za a ba da dogon hutu, wajen ƙarshen Yuli, hedimasta yakan ce kowa ya kwashe tasa, don ajujuwan ba ƙofa ba taga, kuma masu neman itacen girki da damina ba sa tambayar mai abu. Shi ya sa ranar hutu hanya kan cika da yara, kowa kujera a ka, ƙafafunta huɗu a sama, suna ihu suna tsallake taɓo.

Shekarar da nake magana, farko-farkon shekarun tamanin, ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa yaran suka fara wucewa. Kowa ya wuce, har 'ya'yan gidan bayanmu masu jan ƙafa, autata ba ta iso ba. Da a da ne, da tuni na ɗaura ɗankwali na bi hanya ina masifa. Ran nan na ci gaba da fitar da tsakuwa.

Can sai ga ta. Shekararta shida, aji ɗaya. Ƙaramar kujerarta na kanta ta dafe da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana jan wata babba a ƙasa, ta yi taku biyar ta tsaya ta huta. Yunifom ɗinta ya yi kaca-kaca da jar laka.

Ta ce, "Mama, na ɗauko wa Yaya tasa. Ba wanda ya ɗauko masa."

Kujerar yayanta ce, ɗana na fari, ɗan aji biyar. Wata uku ke nan da binne shi, kuma ita ba ta sani ba.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, cikin zafin nan na kafin ruwan farko. Tun ranar da wuyansa ya ƙage aka ce a raba shi da ƙaramar kada ta ɗauka, sai aka kai ta unguwar Nasarawa wurin gwaggonta, yayar babansu. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Mu mutanen kudancin Kaduna ba ma barin namu a maƙabartar birni in da hali, saboda haka abokan aikin babansu na masaƙa suka nemo mota, daga asibiti muka wuce da shi gida, aka sa shi bayan ɗakin kakarsa. Can aka yi zaman gaisuwa, mako biyu. Da muka dawo na je ɗauko yarinyar, gwaggon ta ja ni bayan gida.

Ta ce, "Matar ƙanena, ba a ɗora wa yaro mutuwa a ka, wuyansa bai yi ƙwari ba. Na ce mata yana ƙauye wurin Kaka ana masa magani, in an yi dogon hutu za ta gan shi. Kafin nan ta manta. Ke dai kada ki kwance mini magana."

Duk unguwa an san ni da baki. Ni da gwaggon nan mun taɓa yin wata shida ba ma gaisawa a kan aron tukunya. Amma ran nan na ce to. Ba don na yarda da ita ba. Tun da aka tura ƙasa a ramin nan wani abu ya kulle a cikina, ban yi kuka ba a wurin binnewa har dangin miji suka fara gulma, kuma duk abin da aka ce mini sai in ce to. Ina ci, ina wanka, ina zuwa coci, ina amsa gaisuwa. Ban jin daɗi, ban jin zafi. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Abin da gwaggon ba ta sani ba shi ne yarinyar nan ba ta mantuwa, kuma abin da na faɗa mata shi ne gaskiyar duniya. Yaran unguwa ma da haka suke tsokanarta, suna kiranta Mama-ta-ce. In suna gardamar ko hawainiya na da dafi, ita ba ta da wata hujja sai, "Mama ta ce." Ko malaminsu ya faɗi abu sai ta zo ta tambaye ni kafin ta ɗauka. Na san wannan sarai, kuma na san abin da nake kashewa duk ranar da na bar maganar gwaggo ta kwana.

Cikin zango na uku aka taɓa koro ta daga makaranta. Wani yaro ɗan ajinsu, wanda ubansa ke aiki da babansu, ya ce mata yayanta ya mutu, babansa ma ya je jana'iza. Ta kama dantsensa ta gantsara masa cizo har da jini. Ta same ni ina wanki, ta tsaya a kaina tana haki.

"Mama, ba ƙarya yake ba?"

Na matse rigar da ke hannuna na ce, "Ƙarya yake."

Ta ce, "Na sani," ta wuce ɗaki. Na ɗauki wata rigar na ci gaba da cuɗawa.

To ga dogon hutu ya zo, ga kujera biyu a baranda. A gidanmu, kamar gidajen yawancin mutanenmu, hutun nan na ƙauye ne. Kwana biyu da rufe makaranta babansu kan sa su a jirgin ƙasa mai bin hanyar Kafanchan, a hannun wani na gida, su je wurin Kaka su koyi yarenmu, su ci gasasshiyar masara, su dawo sun yi baƙi da kirci a ƙafa. Tun yammacin ranar ta haɗa kayanta a leda: riga biyu, silifa, da rifot ɗinta, don ta nuna wa Yaya ta zo ta huɗu.

"Mama, gobe ne ko jibi?"

Na ce ruwa ya cinye gada, jirgi ba ya wucewa. Bayan mako ɗaya na ce an gyara gadar amma Kaka ta aiko a bari a gama maimai, wato noma na biyu. Ƙaryar ba ta yi mini wuya ba ko kaɗan, fitowa take kamar ina faɗin farashin gishiri.

Shugabar matan zumunta ta cocinmu, wata dattijuwa 'yar Filato da ta yi aikin koyarwa shekara da shekaru, ita ta ba ni shawara bayan sujada. Ta ce, "'Yata, yaron da ya saba da ƙararrawa wata tara, in kika sake shi haka kawai, ko ya lalace ko ya shiga tunani. Kada ki yanke mata makaranta rana ɗaya. Ki yi mata 'yar makaranta a gida, ki riƙa sassautawa a hankali." Shawara ce mai kyau, har yau ina ba masu ƙananan yara ita. Ita ta ba ni don yarinyar ta samu sauƙi. Ni na karɓa don in toshe mata baki.

Na samo tsohon ƙarfen fartanya na rataye a baranda, ina buga shi da ƙusa. Ƙarfe shida da rabi a tashi, a yi addu'a, a wanke fuska, a sha koko, a share tsakar gida. Ƙarfe takwas lesin: 'yar maƙwabciyarmu da ke kwalejin malamai ta dawo hutu, ita ke koya mata lissafi da karatu a jikin wani falanki da muka shafa wa gawayi. Ƙarfe goma in buga ƙarfe a fita tara, in ba ta ƙuli-ƙuli. Bayan abincin rana ta kwanta ko tana so ko ba ta so. Da yamma ɓarar gyaɗa, ko mu taka zuwa Unguwar Boro, wadda a lokacin gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, inda babansu ya ari wani fili ya yi kunyoyin dankali, mu cire ciyawa.

Kafin mako biyu maƙwabta sun turo nasu, yara bakwai, kowa da kujerarsa. Mata suna yaba mini. "Kai, matar nan akwai ƙarfin hali! Dubi yadda ta riƙe kanta." In ce musu Ubangiji ne. Ba ƙarfin hali ba ne, ba komai ne a ciki. Yaro ya makara minti biyar sai na zabga masa tsintsiya, ba don ya ɓata mini rai ba, sai don lokaci ya yi na duka.

Ita kuwa auta ta bi tsarin nan sau da ƙafa. Tana ci, tana barci, har ta yi ɗan kumatu. Amma kowace safiya, kafin ta goge tata kujerar, sai ta goge babbar da gefen zanenta, ta ajiye ta a layin baya inda manya ke zama. Ba wanda ya isa ya hau ta. Wani ɗan maƙwabta ya taɓa gwadawa, ta nuna masa haƙora, ya tuna labarin cizo ya sauka da kansa. Kuma duk ranar Asabar, da yake ba lesin, sai ta ɗauko ledarta ta zazzage, ta sake ninke rigunan, ta zo ta tsaya.

"Mama, an gama maimai?"

"Saura kaɗan."

Cikin Agusta aka yi ruwan kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Itacenmu ya jiƙe sharkaf, kananzir kuma lokacin sai an bi layi tun safe a samu ko a rasa. Na hura murhu har idona ya yi ja, hayaƙi kawai. Sai idona ya faɗa kan babbar kujerar a lungun baranda. Busasshen katako ne. Wallahi iyakar abin da ya zo mini ke nan. Na ɗauko gatari, na kifar da ita. Ga sunansa da farin fenti, a ƙasan sunan kuma ya zana motar lodi da tsinin kamfas, har da hayaƙi na fita a bayanta. Na duba zanen, na jira in ji wani abu. Ban ji ba. Na ɗaga gatarin.

"Mama!"

Tana bakin ƙofa, faranti a hannu. Ba ta yi kuka ba, mamaki ne a fuskarta, irin na wanda ya ga babba zai yi kuskure don bai san wani abu ba.

"Ta Yaya ce fa. In ya dawo a kan me zai zauna? Wanda ba shi da kujera a ƙasa malam yake sa shi."

Ƙofa ce aka buɗe mini a lokacin. Kalma uku ne kawai in faɗa. Na sauke gatarin na ce, "Ƙafarta nake dubawa, tana rawa." Ta zo ta girgiza ƙafar ta ce ba ta rawa, ta ja ta zuwa cikin ɗaki ta tura ƙarƙashin gado. Ran nan garin rogo muka jiƙa.

Washegari babansu ya dawo daga aikin safe, auduga a gashinsa kamar kullum. Tun rasuwar nan ya zama mutum mai neman ƙarin aiki, in wani ba zai iya zuwa ba shi ke karɓa. Na tura yarinyar kai saƙo, na zauna kusa da shi yana cin abinci.

Na ce, "Baban yara, hutu na ƙarewa. Yarinyar nan jira take."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ki gaya mata mana. Ke ce uwa, ke take ji."

"Yayarka ce ta ƙulla, ta zo ta kwance."

"Ta ƙulla a gabanki kika ce to."

"Kai ina bakinka yake a lokacin? A masaƙa ka baro shi?"

Da a da ne, da an ji mu har bakin titi. Amma maganar tawa ta fito ba zafi, shi ma bai ɗauka da zafi ba. Ya wanke hannu ya ce Allah zai kawo lokaci, ya shiga ya kwanta. Na kwashe kwanuka.

Makon ƙarshe na sassauta tsarin kamar yadda dattijuwar ta koya mini, sannan na sake tsuke shi don a saba da tashin wuri. Na wanke yunifom, na sauke kalmasar gindin don ta ƙara tsawo, na wanke sandal. Ita kuma ta daina tambaya. Ranar Asabar ta ƙarshe ta zazzage ledarta ta mayar da rigunan cikin akwati da kanta. Ta ce mini ta gane: tun da ba mu je ba, Yaya ne zai zo, don ba zai yarda a fara aji shida ba shi ba. Na ce ta je ta wanke ƙafarta.

Ranar komawa hanya ta sake cika da kujeru, wannan karon suna fuskantar makaranta. Ta fito da babbar daga ƙarƙashin gado, ta haɗa da tata. Ta ce za ta kai babbar aji shida ta kama masa wuri kusa da taga, don ya fi son nan, kafin ya iso. Ta miƙo mini ƙaramar.

"Mama, raka ni. Ba zan iya biyu ba, da laka."

Na ɗauka. Muna tafe, ita a gaba da babbar kujera a ka, ta rufe ta har kafaɗa, ni a baya da ƙaramar a hannu. Daga nesa na hango katangar makaranta da yara suna taruwa, da malamin aji shida tsaye da rajista. Shi ya zo mana gaisuwa har gida, ya sani. Duk aji shida sun sani. In ta shiga ajin nan da kujerar nan ta ce ta zo kama wa yayanta wuri, yara arba'in za su gaya mata da baki ɗaya. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban yi don jarumta ba, hanya ce ta ƙare mini.

Na ce, "Auta, tsaya. Sauke."

Ta sauke a gindin wani mangwaro a gefen hanya. Na durƙusa don mu yi tsawo ɗaya.

"Yaya ba zai zo ba. Ya mutu. Yana wurin Ubangiji, an binne shi bayan ɗakin Kaka."

Ta dube ni ba ƙiftawa. Yara na wucewa suna gaishe ni, ina jin bakina yana amsawa.

Ta ce, "Yaushe?"

"Tun kina Nasarawa."

Ta tsaya tana lissafi, na ga laɓɓanta na motsi. Na shirya wa kuka, na shirya wa birgima a laka, har na buɗe hannu. Ba ta shigo ba.

"To gadar ba ta karye ba?"

"Ba ta karye ba."

"Kaka ba ta aiko ba?"

"Ba ta aiko ba."

"Yaron da na ciza, gaskiya ya faɗa."

Na ce e.

"Ke kika ce ƙarya yake."

Aka buga ƙararrawar farko. Ta sunkuya ta ɗora babbar kujerar a ka, ba ta ko kalli ƙaramar da ke hannuna ba, ta wuce. Na bi ta daga nesa har bakin katanga. Ba aji shida ta nufa ba, aji biyu ta shiga, nata. Ta taga na gan ta ta ajiye kujerar a layin baya ta hau, ƙafafunta na lilo ba su kai ƙasa ba. A kanta ta zauna har ta gama firamare.

Na juya gida da ƙaramar kujera a ka, ni kaɗai ke tafiya ta wannan fuskar. Wata mai ƙosai ta yi mini ba'a, ta ce Mama ko an kore ki ne tun ranar farko? Na yi mata dariya. Da na isa na kwance ƙarfen fartanyan daga baranda na jefa bayan gida, na zauna a kan 'yar kujerar, gwiwoyina har ƙirji. A nan ƙafar da ta daɗe a mace ta fara dawowa, kuma wanda ya san wannan ya san ba daɗi take dawowa da shi ba. Na yi kukan da ban yi ba a bakin rami, da rana tsaka, maƙwabta suna leƙe, wata biyar a makare.

Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana zuwa mini aike, ta girma ta zama yarinyar da ake misali da ita a coci. Ta je ta ba yaron nan haƙuri da kanta, ba wanda ya sa ta. Sunan Mama-ta-ce kuwa ya mutu a unguwa ba tare da kowa ya lura ba, don ba a ƙara jin ta faɗa ba. In na ce mata za a yi ruwa, sai ta fita ta duba sama. In na ce babanta ya ce kaza, sai ta jira ya dawo. Na yi ta cewa a raina za ta manta, kamar dai yadda gwaggonta ta ce.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan nan babansu ya rasu, da hantsi, a asibiti. Tana gidan aurenta a Jos da 'ya'yanta uku. 'Yan uwa suka ce a kira mijinta ya lallaɓa ta, a ce mata jikin ya yi tsanani ta taho. Na ce kaf ɗinsu su rufe mini baki. Na karɓi wayar na kira ta da kaina.

Na ce, "Auta, Babanki ya mutu yanzun nan. Ina tsaye a kansa."

Ina jin numfashinta, ina jin wani ɗanta yana magana a bayanta.

Ta ce, "Mama, wa ke kusa da ke?"

Na ce, "Fasto."

"Ba shi wayar."

Na miƙa masa, na koma gefe na tsaya, ina jin yana maimaita mata abin da na faɗa.